Farfesa Abdu Mumuni, malamin da ya so talaka ya gane aikin rana

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Gure cikin ƴan shekarun nan, ko Gamu ne, ko Kelle, ko Gidigir, da wuya ya rasa ganin wani baƙin faranti mai ƙyalli da aka ɗora bisa soro ko aka jingina wa danga, fuskarsa tana duban rana, ga waya ta sauko daga jikinsa ta shige ɗaki. Shi ne ake kira pano. Da shi ake kunna fitila da dare, da shi ake cika batirin salula, a wasu garake ma da shi ake jawo ruwa daga rijiya. Amma in aka tambayi mai shi yadda hasken rana yake komawa wuta cikin waya, galibi sai ya ce ikon Allah ne, ko kuwa ya ce aikin Nasara ne. Ikon Allah kam gaskiya ne. Sai dai ran da abin ya lalace, dole a jira ranar kasuwa, ko a aika Damagaram neman mai gyara.

Mallakar na'ura dabam, sanin yadda take aiki dabam. Wani ɗan ƙasar nan ya ƙare rayuwarsa wajen neman haɗa biyun a hannun jama'a, shi ne marigayi Farfesa Abdu Mumuni Joffo, wanda ake rubuta sunansa da Faransanci Abdou Moumouni Dioffo, wanda kuma babbar jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san mutumin da abin da ya tsaya a kai.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929. Iyayensa Zabarmawa ne, asalinsu daga Kirtashi, a bakin kogin Kwara, kudu da Yamai. Ya fara lakkol a Damagaram, sa'an nan ya ci gaba a Yamai. A wannan zamani na mulkin mallaka, yaron da ya taka ƙofar aji sai ya bar harshen uwarsa a waje, domin da Faransanci kaɗai ake karatu, kuma a makarantu da dama wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci horo yake sha. Ƴan lakkol ɗin ma ba su taka kara sun karya ba, gama har lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi ƙasar Senegal, makarantar William Ponty ta Sebikotan, inda Faransa take horar da malamai da ma'aikata domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Daga can ya wuce Dakar, sa'an nan birnin Paris, inda ya zauna makarantar Saint-Louis kafin ya shiga jami'a. Ya zaɓi ilmin fizik, watau sanin dokokin da zafi da haske da motsi da lantarki suke bi. Ya samu lisans a 1953. A 1956 kuma ya ci jarrabawar da ake kira agregasiyon, wadda Faransa take tace manyan malamanta da ita. A fannin fizik, babu wani baƙar fata daga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci da ya riga shi.

Karatu bai rufe masa ido ga halin da ƙasarsa take ciki ba. Yana cikin waɗanda suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda aka sani da FEANF, kuma yana cikin mutanen farko na jam'iyyar PAI mai neman ƴancin Afirka, wadda aka kafa a garin Thiès na Senegal a 1957. Ya fara aikin koyarwa a Dakar. Da mutanen Gine suka ƙi tayin Janar De Gaulle a ƙuri'ar 28 ga watan Satumba na 1958, Faransa ta kwashe malamanta da ma'aikatanta daga ƙasar, sai Abdu Mumuni ya bi sahun ƴan bokon Afirka da suka tafi Konakiri domin kada azuzuwa su zauna ba malamai. Bayan haka ya koyar a Yamai, kana a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya duƙufa ga binciken ƙarfin rana. A 1964 ya sauka Bamako, ya yi ta koyarwa a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken ƙarfin rana.

Rubutu biyu cikin shekara guda

A shekarar nan ta 1964 rubutunsa biyu suka fito, waɗanda in aka dube su tare za a gane mutumin. Na farko maƙala ce a kan ƙarfin rana a ƙasashen Afirka. Masanin fizik ya saba aika aikinsa ga mujallun kimiyya, inda takwarorinsa kaɗai suke karantawa. Shi kuwa ya kai wannan maƙala ga Présence Africaine, mujallar da Aliyun Diop ya kafa a Paris a 1947, wadda masu karanta ta malaman makaranta ne, da marubuta, da ƴan siyasa, watau mutanen da ba su ƙware a lissafin zafi da haske ba, amma a hannunsu shawarar sababbin ƙasashe take. Wanda ya nufi irin waɗannan masu karatu, tilas ya sauko da zance, ya fara daga abin da suka sani kafin ya kai su ga abin da ba su sani ba.

Na biyu littafi ne mai suna L'éducation en Afrique, ma'ana ilmi da tarbiyya a Afirka, wanda gidan ɗab'i na Maspero ya buga a Paris, aka kuma fassara shi da Ingilishi a 1968. A ciki ya fara da tarbiyyar gargajiya, inda ya nuna cewa koyo da aiki ba su rabuwa: ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake koyon ƙira, ɗan manomi a gona, kuma da harshen gida ake gwada masa kome. Sa'an nan ya bi diddigin lakkol ta mulkin mallaka, wadda aka shirya domin samar da tafintoci da magatakarda da ƙananan ma'aikata, ta ware ƴan kaɗan daga cikin jama'a, ta bar sauran cikin duhu. Daga ƙarshe ya kawo shawarar gyara, kuma ginshiƙinta shi ne a koyar da yara da harsunan Afirka, a kuma yaƙi jahilci tsakanin manya da waɗannan harsuna.

Dalilin a fili yake. Yaron da aka ba shi darasin lissafi cikin harshen da bai iya ba, kaya biyu aka ɗora masa, ga nauyin harshe ga nauyin darasi. In ya gaji sai ya koma hadda, ya riƙa maimaita abin da bai gane ba. Wanda ya haddace bai iya bayyana wa wani, saboda haka ilmin yake tsayawa a ƙofar aji, ba ya isa gona, balle maƙera ko madafa. Masu musun wannan ra'ayi sun sha cewa harsunan Afirka ba su da kalmomin kimiyya. Amma Hausa da kanta ta isa shaida a nan, domin ba ta taɓa rasa sunan da za ta ba baƙon abu ba: ga jirgin sama, ga jirgin ƙasa, ga wayar iska, ga injin niƙa, ga ma'aunin zafi. Harshe yana samun kalma ne ran da masu shi suka fara aiki da abin.

Ba shi kaɗai ne yake wannan tunani ba a lokacin. A farkon 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita rubutun harsuna shida na Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Barbarci da Fulatanci. A 1973 kuma Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci.

Madubi da rana

A 1967 ya samu babban digirin dokta a Paris. Abin da ya bincika yana da wuyar lissafi, amma ba shi da wuyar faɗi. In aka ƙera madubi mai zurfi kamar ƙwarya aka fuskantar da shi ga rana, duk hasken da ya faɗa cikinsa yakan dawo ya taru wuri guda a gabansa, har wurin ya yi zafin da zai kunna icce. To, wannan matattara ba ɗigo ɗaya ba ce kamar tsinin allura, domin ita kanta rana tana da faɗi a sararin sama. Ɗan da'ira ne, tsakiyarsa ta fi zafi, zafin yana raguwa zuwa gefe. Abdu Mumuni ya lissafta yadda zafin yake rabuwa cikin da'irar, ya kuma auna da na'ura domin ya gwada lissafin da zahiri. Amfanin wannan sani shi ne mai ƙira ya san girman tukunya ko bututun da zai aza a wurin. In ya yi ƙanƙanta, wani haske ya wuce a banza. In ya cika girma, zafin da aka tara ya watse cikin iska.

A 1969 ya komo gida, aka danƙa masa shugabancin ONERSOL, watau ofishin ƙarfin rana na Nijar, wanda ya riƙe har 1985. Ya iske ƙasa tana shiga farin da ya kai ga yunwar 1973 da 1974, ga kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya tun daga 1973, ga Nijar ba ta da bakin teku, kowace lita sai ta yi doguwar tafiya bisa mota. Girki kuwa duka da icce ake yin sa, daji yana ja da baya, rairayi yana matsowa, kamar yadda mutanen Gure suka gani da idonsu sa'ad da tuddan yashi suka soma cin kwaruruwan da suke noman rani da dabino a ciki.

Alhali kuwa ga dukiya tana zuba daga sama kullum. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, kowane murabba'in mita yana samun ƙarfin da ya kai wajen wat 1000. A wuni ɗaya, a ƙasar Nijar, abin yana kaiwa kilowat-awa 5 zuwa 7. Ga wanda bai san kilowat ba, misalinsa shi ne: filin da bai fi rabin babbar tabarma ba yana shan zafin da ya fi na kilo guda na busasshen icce kowace rana, kuma da za a iya tara shi duka ba tare da asara ba, ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 50.

Na'urorin da za a iya bayyanawa

Kayan da ONERSOL ta ƙera a ƙarƙashinsa suna da wani hali guda: kowanne ana iya bayyana shi ga wanda bai taɓa zama aji ba, kuma galibinsu ƙarfe ne da gilashi da bututu, abin da mai walda ya saba da shi.

Ga na'urar ɗuma ruwa. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi a rana. Kowa ya san motar da aka bari a rana da gilasai a rufe, cikinta kamar tanda yake, domin haske yana ratsa gilashi ya shiga, zafin da ya haifar kuwa ba ya samun hanyar fita da sauƙi. To, sai a samu akwati marar zurfi, a shimfiɗa baƙin faranti na ƙarfe a ciki, a manna masa bututai, a rufe bisa da gilashi, a cusa abin tare zafi a ƙasa da gefe, kamar yadda ake lulluɓe kwanon tuwo da zane. Ruwan da ke cikin bututan in ya yi zafi sai ya fi mai sanyi rashin nauyi, ya hau da kansa zuwa tankin da aka aza a bisa, mai sanyi kuma ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta kewayawa wuni zubur, ba fanfo ba lantarki, har ya kai digiri 60 ko fiye. Gidan haihuwa ko asibitin da ya samu wannan ya huta da sayen icce domin ruwan zafi.

Ga kuma matatar ruwa. Kwano ne mai baƙin ciki, a zuba masa ruwa mai gishiri ko mai kanwa, irin wanda ake samu a wasu rijiyoyin ƙasar Manga, a rufe da gilashi a karkace. Rana ta ɗuma ruwan, tururi ya tashi ya bar gishiri da datti a ƙasa, ya taɓa gilashi ya koma ɗigo kamar yadda marfin tukunya yake yin gumi, ɗigon ya gangara cikin ƴar kwata zuwa kwalba. Murabba'in mita ɗaya yana ba da lita 3 zuwa 4 a wuni. Ba shi da yawa, amma tataccen ruwa ne da asibiti da batirin mota suke bukata.

Sai murhun rana, wanda shi ne madubin nan mai siffar ƙwarya, da mazaunin tukunya daidai matattarar haske. Sai kuma injin rana: dogayen madubai masu siffar kwami suna tara haske bisa bututu, zafin ya mai da ruwan da ke ciki tururi, tururin ya tura inji, injin kuma ya juya fanfo ko ya ba da lantarki. Burin shi ne rijiyar ƙauye ta ba da ruwa ba tare da an jira tankar gazuwal ba.

Inda aikin ya cije

Ba duka ne ya karɓu ba, kuma wannan ma darasi ne. Murhun rana yana dafa abinci sarai, amma bai shiga gidaje ba, a Nijar da sauran ƙasashen Sahel. Yana aiki ne da tsakar rana, alhali tuwon dare da marece ake tuƙa shi. Mai girki sai ta tsaya cikin rana tana juya madubi yana bin ta, ƙyalli yana dukan ido. Tuƙin tuwo yana son tukunyar da ta zauna daram bisa duwatsu uku. Ga kuɗin saye, ga ranakun hazo da ƙura. Lissafin masana daidai yake, sai dai matar da ke bakin murhu ta san wasu abubuwa da ba su cikin lissafin. Ashe bayani hanya biyu gare shi: masani ya faɗi yadda na'ura take aiki, mai aiki da ita kuma ta faɗi yadda rayuwa take tafiya, kuma wannan hira ba ta yiwuwa sai da harshen da su biyun suke ji.

Akwai kuma wani cikas da zamaninsa ya ɗora masa. Mutumin da ya yi kira a koyar da harsunan gida, da Faransanci ya rubuta littafinsa da maƙalunsa, domin da shi aka horar da shi, kuma da shi mahukuntan da yake so ya shawo kansu suke karatu. Manomin Gamu bai iya karanta abin da aka rubuta domin amfaninsa ba.

Fasaha ma ta bi wata hanya dabam. Abdu Mumuni ya fi ba da ƙarfi ga zafin rana, wanda ake iya ƙera kayansa a gida. Pano kuwa, wanda aka fara ƙera irinsa mai amfani a Amurka a 1954, haske yake mayarwa lantarki kai tsaye: an yi shi da silikon, wani sinadari da ake tacewa daga yashi, in haske ya buge shi sai ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikinsa su motsa su bi waya. A zamaninsa pano yana da tsadar gaske. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗinsa ya faɗi warwas, shi ya sa ya cika kasuwanni, har Nijar ta buɗe tashar megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Maganarsa a kan rana ta tabbata. Amma pano daga waje yake zuwa, takardar da ke cikin kwalinsa da baƙon harshe take, sa'an nan abubuwan da mai shi ya kamata ya sani ba su da yawa: ƙura in ta rufe fuskarsa ƙarfinsa yana raguwa, sai a riƙa shafe shi da tsumma mai laushi, inuwar reshe guda bisa kusurwa ɗaya tana iya rage aikin farantin duka, batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Da an rubuta waɗannan da Hausa da Barbarci, an karanta a rediyo, da dukiya mai yawa ta tsira.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da nauyin ONERSOL, bai bar alli ba. Ya yi ta koyar da fizik a jami'ar Yamai, ya kuma shugabance ta daga 1979 zuwa 1982. Hukumomin duniya irin su UNESCO suna neman shawararsa a kan sha'anin ƙarfin rana. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, a 1998 kuma aka mai da ONERSOL cibiyar ƙasa ta ƙarfin rana. A wannan shekarar ce aka sake buga littafinsa a Paris.

Abin da ya bari ga ɗaliban da suke fitowa daga jami'ar da ke ɗauke da sunansa aiki ne bayyananne. Wanda ya karanta fizik ko aikin injiniya, ya koma garinsu ya zauna da mai walda da mai garka da mai girki, ya bayyana musu abin da ya sani da harshensu, ya saurari nasu, sa'an nan ya rubuta yadda na baya za su karanta. In ya gwada ya kasa, to ya sake duba littafinsa, wataƙila hadda ya yi. Allah ya jiƙan Malam Abdu Mumuni, ya sa ya huta, ya ba ƙasar nan masu ɗaukar aikin daga inda ya tsaya.